A auna yashin Binuwai kafin a yashe shi

Duk wanda ya san tashar jiragen ruwa ta Garwa a da, ya san asarar da muka yi. A nan ake lodin auduga da gyaɗa, jirage su bi Binuwai ta Yola da Makurɗi har bakin teku. Yau yashi ya toshe hanyar, kaya sun koma kan manyan motoci, mu ke biyan kuɗin mota da na shinge.

Ruwan damina ne ke kwaso yashin daga gonaki da tsaunukan da aka sare wa itatuwa. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 kuma, ƙarfin ruwan da ke tura shi gaba ya ragu.

Mu 'yan kasuwa ba ma sayen hatsi babu awo. To don me za a ba da kwangilar yashe kogi alhali ba a san yawan yashin da ke shigowa kowace damina ba? Muna kira ga hukuma ta riƙa auna shi a Binuwai da Mayo Kebbi, har da Mayo Banyo mai kwashe ƙasar tsaunukanmu zuwa kogin Mbam, ta kuma bayyana sakamakon. In ba haka ba, a yashe bana, baɗi ya dawo.