Huhun Kwamfuta Ma Sai Ya Shaƙa Ya Fitar

Masanan da ke son sanin inda ƙura ko ƙwayar magani ke sauka a cikin huhun ɗan Adam ba su da halin tsaga ƙirjin mai rai su leƙa. Don haka sukan zana hanyoyin iska a cikin kwamfuta, tun daga hanci da maƙogwaro har rassan huhu, su sa na'urar ta lissafa yadda iska ke gudana, sa'an nan su sako dubban ƙwayoyi na kwaikwayo su bi sawun kowace ɗaya. Tun a 1963 Ewald Weibel, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya fito da taswirar da ta nuna bututun iska yana rabuwa gida biyu-biyu har sau 23, kuma har yau ana amfani da ita.

Ƙorafina a kan wani yanke ne da ake yi. Da yake lissafin yana cin lokaci ƙwarai, wasu sukan sa iskar ta yi ta kwarara ciki da gudu ɗaya kamar ruwan famfo, su zuba ƙwayoyin sau ɗaya tak. To, wane mahaluki ne ke numfashi haka? Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane shaƙa kimanin rabin lita. Iskar takan faro a hankali, ta yi ƙarfi, ta lafa, sa'an nan ta juyo.

Ga inda gizo ke saƙa. A cikin rabin litar nan, kimanin mililita 150 na ƙarshe ba ya kaiwa ga 'yan jakunkunan da jini ke karɓar iska. A cikin bututu yake tsayawa, kuma shi ke fara fita. Ke nan ƙwayar da ta shiga a farkon shaƙa tana iya kaiwa can ƙurya, wadda ta makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu kuwa ta leƙa ta komo, alhali girmansu ɗaya. Wannan ne ya sa likita ke umartar mai ciwon asma ya danna abin fesa magani daidai lokacin da ya fara shaƙa a hankali, kuma ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Huhun kwamfutar da bai san farko da ƙarshen shaƙa ba, me zai gaya wa wannan likita?

Numfashi ɗaya ma bai isa ba, domin huhu ba ya zama fanko. Ƙwayoyi masu girman rabin maikiron (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba su saurin sauka. Da yawansu fita suke yi, wasu kuma su saura suna shawagi har shaƙa na gaba ya tarar da su. Mai tafiya cikin hazon hunturu, wanda iska ke kwaso ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sabuwar ƙura yake shaƙa a kan ragowar tsohuwa, kusan sau 20,000 a kwana guda. Saboda haka wajibi ne a riƙa sako sababbin ƙwayoyi da kowane shaƙa, a maimaita har sai sakamakon ya daina canzawa.

Ban ce yanken ba shi da amfani sam ba. Ƙwayoyin da suka haura maikiron 10 galibinsu a hanci da kwanar maƙogwaro suke maƙalewa, kuma lissafi mai sauƙi yakan nuna haka. Amma ƙurar da ta gaza maikiron biyu da rabi ita ce ke kutsawa can ciki, kuma ƙwayoyin maganin asma ma yawanci ƙasa da maikiron 5 ake so su kasance.