Zare Ba Ya Magana Sai da Rikoda

Kano na alfahari da ganuwarta da Gidan Makama, amma ta zuba ido masu gyaran tsohuwar rikoda mai faifai biyu suna ƙarewa babu magada. A kan zaren irin wannan na'ura ne gidajen rediyo suka ɗauki muryoyin su Shata da Ɗanƙwairo kafin kaset ya yaɗu.

Masu cewa a zuba komai cikin kwamfuta sun manta cewa sai rikoda ta juya kafin a kwafi ko baiti ɗaya. Ita kuwa robar da ke jan zaren bushewa take yi, ƙurar hunturu tana cinye kan da ke karanto sauti, damshin damina kuma yana manne zaren. Tun 2019 UNESCO ta yi gargaɗin cewa zuwa wajejen 2025 na'urorin da kayan gyaransu za su yi wuyar samu.

Saboda haka duk kuɗin da za a ware don adana tarihi, a fara da mai gyara: a biya shi, a ba shi yara su koya. Ranar da ya mutu da saninsa, muryoyin nan sun bi shi kabari.