Ƙwayar da ke cin guba, da rijiyoyin ƙasar Gumel

Daga Sule Tankarkar har Maigatari, ruwan shanmu daga rijiya da burtsatse yake fitowa. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, abin da aka zuba mata sai ta shanye. Shi ya sa nake fargaba idan na ji zancen kafa masana'antu a Maigatari da Gagarawa, domin kowa ya san abin da dagwalon Sharada, Challawa da Bompai ya yi wa kogunan Kano.

Cikin sinadaran da masana'antu ke wanke maiƙon ƙarfe da su akwai TCE. Ya fi ruwa nauyi, don haka yakan nutse ya yi shekaru yana gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma yana haddasa ciwon daji. A 1997 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ware wata bakteriya, Dehalococcoides, mai rayuwa inda babu iskar oksijin. Tana ɓamɓare kulorin daga jikin gubar ɗaya bayan ɗaya, har ta zama iska marar lahani.

Sai dai kada masu masana'antu su fake da wannan. Aikin ƙwayar yana cin shekaru, in kuwa ya tsaya a rabi, sinadarin da ya rage ya fi na farko haɗari.

Shawarata ita ce jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa su auna ruwan rijiyoyin yankin tun ba a aza harsashi ba, hukumar NESREA ta adana sakamakon. Ranar da ruwa ya sauya, talaka yana da hujja a hannu.