Taɗin Akawu: Shirin Gasar Faransanci a Makarantu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina da ka saba ba ni, in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta. Ni dai akawu ne, amma a makarantar Mishan inda na yi karatu an koya mana Faransanci gwargwado. Saboda haka in lokacin gasa ya matso, wani abokina malami yakan kira ni da la'asar in taya shi sauraron yara. Abin da na gani can, da abin da ya same ni a ofis, su suka sa na ɗauki alƙalami.

Da yawa cikin masu karatu sun san yadda gasar take. Makarantu su taru, kowace ta kawo zaɓaɓɓunta, a yi shifta, a karanta waƙa da ka, a yi ɗan wasan kwaikwayo, sa'an nan a yi tambayoyi bisa al'adu. Akan so a yi ta kusa da ran 20 ga Maris, watau ranar bikin masu jin Faransanci na duniya.

To, ɗan yayana ya shiga irin wannan gasa. Ya haddace tatsuniyar hankaka da dila, ɗaya daga cikin waɗanda La Fontaine ya buga a 1668, ya zuba ta ba gargada, ya zo na ɗaya, aka ba shi ƙamus. Bayan wata biyu yana hutu wurina, sai ga wani direba ya iso ofishinmu daga Maraɗi da takardar kaya. Na ce, "Yaro, zo ka karanta mana yawan buhunan." An rubuta quatre-vingt-dix. Ya duba, ya ce, "Baba, huɗu da ashirin da goma, 34 ke nan." Direban ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, 90 ne!" Jama'a, ku duba fa. Da na rubuta abin da yaron ya faɗa, da buhu 56 sun ɓace a littafina, kuma daga albashina za a nemi bayaninsu.

Ban ga laifin yaron ba, gama abin da aka ba shi ya riƙe da kyau. Laifin na irin shirin da muke yi ne. Sai gasa ta rage mako uku mu tsame yara uku masu kaifin ƙwaƙwalwa, mu ɗura musu hadda, sauran aji kuwa na zaune suna kallon bango. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shawarata, in malamai za su karɓa daga bakin akawu.

Da fari a soma tun farkon shekara, kuma da aji duka. Kowace safiya a ɗauki minti 10, yara su gai da juna, su tambayi hanya, su yi ciniki na wasa, sai an ga kowa ya buɗe baki. In gasa ta zo, a zaɓa daga cikinsu. A nan ne za a kama lissafi, domin Faransawa sukan ce sittin da goma maimakon 70, ashirin huɗu maimakon 80, ashirin huɗu da goma maimakon 90. Malami ya riƙa kiran lamba da baki yara na rubutawa, har kunnensu ya saba.

Na biyu, a lura da inda harshenmu ke tuntuɓe. Bahaushe yakan haɗa p da f wuri ɗaya. To, a Faransanci pain burodi ne, faim kuwa yunwa, harafin farko kaɗai ke raba su a kunne. A sa yaro ya haɗe leɓɓansa sosai ya sake su, sai ya bambanta. A shifta kuma a nuna masa cewa baƙaƙe da yawa na ƙarshen kalma ana rubuta su amma ba a furta su, nan ne maki ya fi zubewa.

Na uku, a hau bisa Hausar da yaro ya zo da ita daga gida. Mu ma muna da namiji da mace a kalmomi, abin da Ingilishi ba shi da shi, saboda haka ɗanmu ba baƙo ba ne ga le da la. A dai gargaɗe shi kada ya auna da namu, gama rana mace ce gare mu, a wurinsu namiji, wata namiji ne gare mu, a wurinsu mace. Haka nan yadda mukan ce wa babba "ku" don girmamawa, su ma vous suke ce masa, tu kuwa na tsara ne da yaro. Sa'an nan 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi sun riga sun hausantar da kalmomi tuli: makaranta lakwal, littafin rubutu kaye, babbar mota kamiyo, malamin makaranta kuwa mushe, kalmar da kan ba mutanenmu dariya.

Na huɗu, maganar al'adu. Na tambayi yaran abokina, duk sun san hasumiyar Ifel da kogin da ya ratsa Paris. Da na ce a ina aka samo ranar 20 ga Maris, sai tsit. Alhali kuwa a Yamai aka sa hannu ga yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar ƙasashe masu jin Faransanci, ran 20 ga Maris 1970, Shugaba Diori Hamani shi ne mai masauki. A koya musu Faransa, amma a koya musu Kwatano da Garwa da Njamena, domin nan ne ƙafarsu za ta fi saurin kai su.

Na san wani zai ce, ai Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a 2025, ta kuma mai da Hausa harshen ƙasa, me ya sa za mu wahal da yara? Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne ga Hausa. Amma dokar da ta yi haka ta bar Faransanci cikin harsunan aiki, kuma Binin da Cadi da Kamaru duk da shi suke rubuta takardun hukuma. Watau ƙasashe 4 da muke iyaka da su ta tudu, babu wadda akawu ko ɗan kasuwa zai shiga ofishinta bai gamu da shi ba. Don haka ne aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991, tsarin ilmin ƙasa na 1998 kuma ya ba harshen matsayi na biyu bayan Ingilishi.

Ɗan yayana ya dawo hutun bana. Na sa shi zama da direbobin nan kullum da hantsi, yanzu shi ke karanta mini takardunsu, ni kuwa ina dubawa a bayansa. Malaman da suka gwada wata dabara da ta fi tawa, ina roƙo su aiko wa Edita, mu ƙaru duka.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu.