Ciwon huhun dukushi: Ƙwayar cutar da ke ɓoye a ƙurar bargunan Zariya

Daga bargar fadar Zazzau zuwa turakun ƙofar gida a unguwanni irin su Tukur-Tukur, hidimar doki ba ta yankewa a Zariya: kilisa da yamma, hawan angwanci, ga shirin Hawan Sallah. Sai dai kowane ingarma daga dukushi ya taso, kuma tsakanin wata ɗaya zuwa shida da haihuwa ne wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa ke iya kayar da shi.

Sunanta Rhodococcus equi. An fara gano ta a Suwidin a 1923. Tana yaɗuwa a kashin doki, idan ya bushe ya zama ƙura sai dukushi ya shaƙe ta, ta tara masa mugunya a huhu. Yakan ci gaba da shan nonon goɗiya kamar lafiyayye, sai ciwon ya ci ƙarfinsa zazzaɓi da tari da haki su bayyana. Har yanzu babu allurar rigakafinta a kasuwa.

Kama da wane ba ta wane

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa cutar ba iri ɗaya ba ce. Abin da ke ba ta dafi wani ɗan guntun gado ne da take ɗauke da shi, kuma iri uku ne: na dawaki, na aladu, da na shanu da awaki. Wadda ba ta da guntun ba ta cika yi wa dukushi illa ba.

Ke nan a gidan da ake kiwon doki da awaki wuri ɗaya, tarin kashin dokin ne babban haɗari ga dukushi. Amma mutum mai raunin garkuwar jiki, kamar mai HIV, kowane iri na iya kama shi, kuma ciwon kan yi kama da tarin fuka.

Darasi daga Amurka

A farkon shekarun 2000, gonakin kiwon dawaki a Amurka, musamman a jihar Kentucky, suka ɗauki al'adar duba huhun kowane dukushi da na'ura, su ɗora wanda aka ga tabo a huhunsa kan magani ko bai nuna alama ba. Abin da ya biyo baya shi ne ɓullar wani iri da ba ya jin manyan magungunan da ake haɗawa, wato rifampicin da dangin azithromycin.

Wannan ya shafi Najeriya, inda ake iya sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, kuma rifampicin ginshiƙi ne a maganin tarin fukan mutane. Ɗura wa dabba magani bisa hasashe shi ke renon irin da zai gagari likitan dabbobi da na mutane.

Zariya na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta a Samaru. Kai dukushi mai tari a gwada shi kafin magani, kwashe kashi kullum, yayyafa ruwa a turke lokacin rani, da nisanta goɗiya mai shayarwa daga cunkoso, su ne kariyar da ke hannun mai doki yanzu.