Ina Gayya Ta Tafi, Ya Ku Samarin Kazaure da Babura?

Ya kai ɗan uwa matashi, ka dubi unguwarku tun daga ranar da aka kwashe amfanin gona har zuwa faɗuwar ruwan farko. Wata shida ne ko bakwai. Wasu sun tafi ci-rani Kano, Abuja ko Legas, waɗanda suka rage kuwa sun kafa majalisa a gindin darbejiya, daga shayi sai waya, daga waya sai gardamar ƙwallon Turai, har dare ya raba. Duk wanda ya san Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa ba zai yi musun wannan ba. To daga irin wannan zama ne ƙwaya take samun ƙofa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa kayan maye a cikin shekara guda. A shekarar ce kuma aka haramta maganin tari mai kodin. Amma haramci ba ya cire ƙuncin zuciyar saurayin da ya wayi gari ba shi da abin yi, ba kuma wanda yake jiran sa a ko'ina.

Abin mamaki, yau a Ingila likita yakan tura mai fama da damuwa ko kaɗaici ya shiga ƙungiyar masu aikin lambu, ko masu dashen itace, ko masu tafiyar ƙasa a daji. A 2020 gwamnatinsu ta ware kuɗi don gwada wannan tsari a yankuna bakwai. Kafin nan, a 2019, malaman Jami'ar Ekseta sun duba bayanan mutum kusan 20,000, suka ga waɗanda suke samun minti 120 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi sauran bayar da shaidar ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Ashe abin da Bature yake rubutawa a takardar asibiti shi ne kakanninmu suke kira gayya! A kira samari da kiɗa, a taru a gonar dattijo ko ta surukin aboki, a yi gumi tare, a sha fura tare, kowa ya koma gida da gajiyar da take kawo barci mai daɗi. Mun bar wannan, mun ce ƙauyanci ne, yanzu ga shi za a dawo mana da shi cikin Turanci.

Kuma ƙasarmu tana da buƙatar wannan gumi. Iyayenmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Kuka, ɗorawa, kanya da tsamiyar da muke gani a gonaki yawancinsu tsofaffi ne, ba mu muka raine su ba, ga masu gawayi da masu itacen girki sun sa su a gaba. Iskar hunturu kuma tana kwashe rairayi tana zuba mana a ido da ƙirji.

Za ka ce ai gwamnati tana dashen itatuwa. Haka ne. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Sai dai mun san yadda bikin dashe yake ƙarewa: a kafa rumfa a watan Agusta, mai girma ya dasa guda ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Kafin Maris akuya ta cinye rabi, ƙishirwa ta kashe sauran. Abin da dashe yake nema, wato mai ba shi ruwa da mai yi masa shinge har ya wuce rani biyu, shi ne ba a kawowa a motar gwamnati. Kuma shi ne abin da muke da shi jibge a majalisa.

Ɗan Babura ba ya buƙatar zuwa Ingila don ya ga misali. Ya tsallaka iyaka zuwa Magarya, ya wuce Matamaye da Mirya a jihar Damagaram, zai ga gonaki cike da gawo. Manoman can ba jiran kwalin dashe suka yi ba. Tsiron da yake fitowa da kansa daga kututture ko daga ƙasa, wanda mu muke sarewa mu ƙone lokacin sassabe, shi suka riƙa bari. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare shi daga dabba da gatari. Tun da saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ya neman ban ruwa. A yankin Maraɗi wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar tun daga 1983, ko da yake aikin na manoma ne, su suka riƙe shi. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar ta wannan hanya. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da ake saye da kuɗi.

Saboda haka kira nake ga 'yan uwa: kowace majalisa ta ware safiya biyu a mako. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a fita da adda da gatari da bokiti. A fara da gonakin iyaye, da izininsu, a raini gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa. A ɗauki nauyin dashen makarantar firamare, maƙabarta, filin idi da asibitin unguwa, kowane mutum biyu da itatuwansu da za a tambaye su a kai. Sa'a biyu sau biyu ta zarce minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya take so baligi ya samu a mako. Kuma a ja wancan abokin da aka san ya fara shaye-shaye. Wa'azin da aka yi masa a bainar jama'a sau da yawa korar sa yake yi, amma idan aka ce ga darbejiya biyar a hannunka, idan ba ka zo ba za su mutu, ka ba shi dalilin tashi da safe, ka kuma sa ido a kansa ba tare da ka tozarta shi ba.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Masu ɗebo ruwa a madatsar Kazaure ko kududdufai su guji shiga ciki suna iyo, domin a ruwan kwance ne ake ɗaukar tsargiya, kuma wanda ya ga jini a fitsarinsa ya nufi asibiti, akwai maganinta. Haka nan wanda ƙwaya ta riga ta kama shi sosai, ko ya daina barci, ko ya fara maganar kashe kansa, wannan ya wuce aikin gayya kaɗai, a haɗa masa da likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Sannan kada a fara ba tare da an je wurin mai unguwa da dagaci ba, a kuma zauna da makiyayan da suke ratsa gonaki bayan kaka. Itacen da ba a san mai shi ba, kowa ma sara yake yi. A yi yarjejeniya a gaban shaidu cewa tsiron da aka raina na mai gona ne, rassan da aka datse kuma na samarin da suka yi aikin.