SHARHI: Wa ya yi laifi? Hujjojin raba aure a kotunan Jalingo da abin da ke biyo baya

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da aka tura Jalingo, ya bar iyalinsa a Kubwa ko Nyanya, ba kasafai yake tunanin nisan zai iya zama hujja a gaban alƙali ba. Amma ranar da aure ya yi tsami, tambayar farko ita ce wace doka ce ta ɗaura shi. Ta biyu kuwa, wa za a ɗora wa laifi. Amsoshin ne ke yanke tsawon shari'ar, da kuɗin da za a biya, wani lokaci har da inda 'ya'ya za su kwana.

Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Gongola a 1991, wuri ne da ya dace a duba wannan batu. A Jalingo akwai Babbar Kotun Jiha, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, da takwararta ta Al'ada, kuma kowacce da ma'aunin da take auna laifi.

Auren rajista

Tsarin Mulkin 1999 ya bar wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai ikon yin doka kan raba auren da ba na Musulunci ko na al'ada ba. Dokar da ke aiki ita ce ta Shari'o'in Aure ta 1970. Sashe na 15 ya ce dalili ɗaya ne tak: auren ya lalace ta yadda ba ya gyaruwa. Sai dai mai ƙara ba zai faɗi haka da baki kawai ba, dole ya tabbatar da ɗaya daga cikin abubuwa takwas.

Mafi yawansu na laifi ne: ƙin tarawa da gangan tun bayan ɗaurin aure, zina tare da cewa mai ƙara ba zai iya jure zaman ba, halayyar da ba a sa ran mutum ya zauna da ita, da ƙaurace wa abokin zama na aƙalla shekara ɗaya. Wanda ba ya son tonon silili sai ya jira: shekara 2 ba a tare idan ɗaya ɓangaren bai ƙi ba, ko shekara 3 ko da ya ƙi. Sashe na 30 kuma ya hana shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da a wasu lamura kamar zina.

A nan ma'aikaci zai lura cewa sauyin wurin aiki ba ƙaura ba ce. Ƙaura tana buƙatar niyyar yanke zaman aure ba tare da yardar abokin zama ba, kuma ba tare da dalili mai ƙarfi ba. Amma wanda ya daina zuwa gida, ya daina aike, ya yanke waya, shi da kansa yake tara hujja a kansa.

Abin da laifi ke jawowa

Sashe na 31 ya ba mai ƙara damar neman diyya daga wanda ya yi zina da matarsa ko mijinta, muddin bai yafe ba kuma abin bai wuce shekara 3 ba. Wanda ake zargin ana sanya shi cikin shari'ar da sunansa, abin da ka iya zubar da mutuncin jami'i tun kafin a tabbatar da komai. Wanda ya san laifin ya yafe, ya ci gaba da zama, sashe na 26 ya hana shi dawo da maganar.

Wajen yanke kuɗin ɗawainiya, sashe na 70 ya umarci alƙali ya duba dukiyar kowa, da abin da yake iya samu, da halayyarsa. Idan aka ƙi biya, dokar ta ba da damar a riƙa cirewa daga albashi. Riƙon 'ya'ya kuwa ba lada ba ne ga mai gaskiya, ba kuma horo ba ne ga mai laifi. Sashe na 71 ya fifita maslahar yaro, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Williams da Williams a 1987 cewa zina ita kaɗai ba ta isa a ƙwace wa mahaifi ko mahaifiya ɗa ba.

Akwai kuma tarkon da ake yawan faɗawa. Hukuncin farko na wucin gadi ne, yawanci sai bayan wata 3 yake tabbata. Kafin nan auren yana nan daram, sabon aure laifi ne, kuma idan ɗaya ya rasu, hukuncin ba zai tabbata ba.

Musulunci da al'ada

A mazhabar Malikiyya da alƙalan Arewa ke bi, miji yana saki ba tare da ya kafa hujja ba. Nauyin hujja kan mace yake faɗawa. Idan ta tabbatar da cutarwa, kamar duka, zagi ko rashin ciyarwa, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Idan ta kasa, sai khul'i, wato ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki. Malaman mazhabar sun ce idan daga baya ta tabbata cutarwa ce ta tilasta ta, tana da haƙƙin karɓar abin da ta bayar. Matsalar ita ce cutarwa a ɗaka ake yin ta, shaidu kuma a waje suke. Shi ya sa mata da dama ke biya don su huta, alhali shari'a na tare da su.

A auren al'ada kuwa, mayar da dukiyar aure ne ginshiƙin rabuwa a yawancin al'ummomi, ƙa'idar kuma takan bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila.

Ko lokacin gyara ya yi?

Ƙasashen da Najeriya ta kwaikwaya sun canza hanya. Ostireliya ta soke dogaro da laifi a 1975. A Ingila, Kotun Ƙoli ta ƙi raba auren Tini Owens a 2018 saboda ba ta tabbatar da laifin mijinta ba, aka ce sai ta jira. Wannan ya ƙara matsin lambar da ta kai ga sabuwar doka, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2022.

Masu kare tsarin laifi na cewa yana hana a mayar da aure abin wasa, yana kuma ba wanda aka zalunta damar a ji kukansa. Hujja ce mai nauyi. Amma tsarin da ke sa mai gaggawa ya tono asirin uwar 'ya'yansa a bainar jama'a yana rufe ƙofar sulhun da sashe na 11 ya ɗora wa kotu nema. Ana iya barin laifi ya yi tasiri a kan kuɗi, a cire shi daga sharaɗin rabuwa.

Majalisar Dokokin Taraba ba ta da ikon taɓa dokar 1970. Gyaranta aikin Majalisar Tarayya ne, da mataimakan da ke tsara mata ƙudurori a Abuja. Dokar ta haura shekara 50, kuma masu jiran shekara 3 a Jalingo ba su da wata majalisar da za su kai kuka.